Bireka na yawan faɗuwa, mai gyara ya ce a sa babba: a yarda?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sanin harkar wuta ku ba ni shawara. Birekar da ke riƙe da soket-soket ɗin kicin da na baranda ta ishe mu da faɗuwa, musamman in hitar wanka tana kunne aka jona dutsen guga, wani kuma ya ɗora butar lantarki. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce birekar ce ta yi ƙarama, mai amfiya 20 ce (amfiya shi ne awon yawan wutar da ke bi ta waya), zai cire ya sa mai 32 a huta. Na ce ya dakata tukuna. Wannan gyara ne ko kuwa?

Sarkin Gyara: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bar shi ya yi aikinsa. Kaya sun yi wa 20 yawa, 32 za ta ɗauka. Kullum ana yin haka, gidajen kuma suna nan a tsaye.

Baba Mai Wayarin: Hajiya, kada ki bari ya taɓa birekar nan sai an san kaurin wayar da ke ƙarƙashinta. Ruwa ba ya tsami banza. Bireka ba don dutsen guga aka sa ta ba, ba kuma don hita ba. Waya take gadi, wayar da ke binne cikin bango wadda ba kya gani. Kowace waya akwai iyakar abin da za ta iya ɗauka kafin ta yi zafin da robarta za ta lalace, shi ya sa ake zaɓen bireka daidai da wayar, ba daidai da son ran mai gida ba.

Ga lissafin kayanki. Hitar wanka ta wat 3000 a kan bolt 230 tana jan amfiya 13. Dutsen guga na wat 2000 yana jan kusan 9, buta ma kusan haka. Kin ga an tasam ma 30. Wayar soket a yawancin gidaje mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce, kuma abin da take ɗauka yana tsakanin amfiya 20 da 27, ya danganta da yadda aka shimfiɗa ta: a fili take, ko cikin fayif, ko an cusa ta tare da wasu wayoyi. To birekarki ba ta lalace ba. Ta ga 30 tana bi ta hanyar da aka yi wa 20, ta yanke. In aka sa 32, faɗuwa za ta tsaya, amma zafin ba zai tsaya ba, sai dai ya koma cikin bango.

Sarkin Gyara: Baba, da girmanka, amma ai a Ingila ma 32 suke sawa a kan 2.5. Su da suka rubuta littafin ƙa'idojin wayarin.

Baba Mai Wayarin: Gaskiya ka faɗa, amma rabi ka faɗa. Abin da suke yi a Ingila zobe ne. Waya ta fita daga bireka, ta bi soket-soket ɗin gaba ɗaya, ta sake dawowa cikin birekar. Wuta na zuwa wa kowane soket ta hanya biyu, kamar kaya ɗaya a raba wa jakuna biyu. Bayan yaƙin duniya na biyu suka fito da tsarin, tare da fulogin nan mai ƙafa uku masu kusurwa na 1947, wanda kowanne akwai fis a cikinsa da bai wuce amfiya 13 ba. In zoben ya tsinke a wani wuri, soket ba zai daina kawo wuta ba, ba wanda zai sani, sai dai kayan sun koma kan jaki ɗaya. Shi ya sa suke auna shi da na'urar awo su tabbatar a haɗe yake. Yanzu kai ka ga akwatin Hajiya? Ka san waya biyu ce ta shiga birekar ko ɗaya?

Sarkin Gyara: Ban gani ba.

Baba Mai Wayarin: Ni ma ban gani ba. Shi ya sa ban ce a sa 32 ba.

Injiniya: Ina goyon bayan Baba, kuma zan ƙara abu biyu da mutane ba su cika lura da su ba.

Lambar da ke jikin bireka ba ita ce inda take faɗuwa nan take ba. A ƙa'idar ƙera irin waɗannan na gida, IEC 60898, bireka za ta iya riƙe kashi 113 cikin ɗari na lambarta har awa guda ba ta faɗi ba, kuma sai an kai kashi 145 ne ya zama dole ta faɗi a cikin awa ɗaya. Wato mai 32 za ta bar amfiya 36 ta wuce hankali kwance, kuma tana iya barin 40 da wani abu na tsawon lokaci kafin ta motsa. A kan waya mai 2.5 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan jadawalin da ake duba ƙarfin waya a ciki an gina shi ne a kan zafin wuri digiri 30, robar PVC kuma iyakarta digiri 70. In wayar ta bi ta cikin silin ko wurin da ya kai digiri 40, sai an rage lambar, a ninka ta da 0.87. Wayar da littafi ya ce 24 ta koma kusan 21. Kuma zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar: in wuta ta ninka sau biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Amfiya 30 a wayar da aka yi wa 21, zafin ya kai ninki biyu na abin da aka yarda da shi. Ba ranar za ta kama ba, Sarki, shi ya sa kake ganin gidajen a tsaye. Robar ce za ta riƙa bushewa tana ƙandarewa, shekara da shekaru, har ranar da za ta tsage.

Maman Ilham: Innalillahi. To yanzu mene ne mafita, Injiniya? Mu daina guga?

Injiniya: A'a Hajiya, a raba lodin. Hitar wanka ba ta da hurumin zama a layin soket tun farko. A ja mata wayarta ita kaɗai daga akwatin, da birekarta, da makunni mai yanke waya biyu. Haka kukar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, kowacce da layinta. Da an cire amfiya 13 ɗin nan daga layin, abin da ya rage bai kai 20 ba. Kafin a yi aikin, ku riƙa kashe hitar in za a yi guga.

Ɗan Koyo: Oga Injiniya, ni ina koyon aikin ne. Na ga wasu birekoki an rubuta B20, wasu C20. Duk ɗaya ne?

Injiniya: Ba ɗaya ba ne, ƙanena. A cikin bireka akwai abu biyu. Ɗaya ƙarfe ne mai lanƙwasawa in ya ji zafi, shi ke lura da lodin da ya yi yawa a hankali. Ɗayan maganaɗisu ne, shi ke fizge ta nan take in waya ta haɗu da waya. Harafin yana gaya maka inda maganaɗisun ke aiki: B tsakanin ninki 3 zuwa 5 na lambar, C ninki 5 zuwa 10, D ninki 10 zuwa 20. Ana sa C inda akwai injin da ke fizgar wuta da yawa lokacin tashi. Amma kada ka mayar da B ta zama C don kawai tana faɗuwa. C20 tana iya buƙatar amfiya 200 kafin ta yanke nan take, in layin dogo ne wutar ba za ta kai haka ba.

Baban Yara: Ni dai Alhamdulillah hankalina kwance yake. Lokacin gini na sa an kafa sandar atin mai tsawo, wadda ke kai wuta cikin ƙasa, a bayan gida, an zuba gawayi da gishiri. Ko firji ya kawo wuta a jikinsa, ƙasa za ta shanye.

Baba Mai Wayarin: Alhaji, Allah ya ƙara kwanciyar hankali, amma bari mu yi lissafi. An auna sandar bayan an kafa ta?

Baban Yara: Aunawa kuma? Ai an kafa ta da kyau, da idona na gani.

Baba Mai Wayarin: Ido ba ya auna wannan. Sanda ɗaya a busasshiyar ƙasa tana iya ba da om 100, ko fiye (om shi ne awon yadda hanya ke tare wuta). Mu ce 100 ɗin. Waya mai wuta ta taɓa jikin firji. Bolt 230 a raba da 100, amfiya 2.3 ke nan ke bi ta sandar. Birekar 20 za ta ga 2.3 ta ɗauka fanka aka kunna. Ba za ta faɗi ba yau, ba za ta faɗi ba gobe, jikin firjin kuma yana nan ɗauke da kusan bolt 230 ɗinsa yana jiran hannu. Mutum kuwa ba amfiya ke kashe shi ba, ɗan abin da bai kai rabin amfiya ba ya isa. Daga wajen miliamfiya 10 hannu kan fara ƙin sakin abin da ya riƙe. Sama da 30 numfashi na shiga matsala, in ta ƙara hawa ta daɗe tana bi ta ƙirji, zuciya ta rikice. Miliamfiya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya.

Abin da ke cika aikin sandarka shi ne RCD, na'urar yanke wuta in ta yi yoyo, mai miliamfiya 30. Ita tana gwada wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutiral, wato wayar da ke mayar da wuta. In sun yi daidai, shiru. In wani abu ya ɓata a hanya, ta jikin firji ko ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. A ƙa'ida ba ta wuce kashi uku cikin goma na daƙiƙa, in yoyon ya yi ƙarfi kuma ƙasa da haka ƙwarai. Je ka duba akwatinka. In ka ga wata mai faɗi da ɗan maɓalli an rubuta T a jiki, da 30mA ko 0.03A, kana da ita. In birekoki ne zalla, to wayoyinka na da mai gadi, iyalinka ba su da shi.

Batun gishiri kuma, yana saukar da awo na ɗan lokaci, amma yana cin ƙarfen, ruwa kuma yana wanke shi. Mahaɗin waya da sandar ya kamata a bar shi inda za a iya buɗewa a duba.

Baban Yara: To na duba. Babu mai maɓalli ko ɗaya.

Sarkin Gyara: Alhaji kada su tayar maka da hankali. RCD ɗin nan fitina ce. Duk gidan da na sa ta sai an kira ni cikin dare, wai wuta ta ɗauke gaba ɗaya. A ƙarshe mai gida da kansa yake cewa a cire. Littafi daban, fili daban.

Injiniya: Sarki, a nan kana da magana, ba zan ƙaryata ka ba. RCD guda ɗaya a kan gida gaba ɗaya tana da ban haushi: hita ta yi yoyo a banɗaki, fitilar kowane ɗaki ta mutu, firji ya tsaya. Amma in ka bi diddigin kiran daren nan, yawanci ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan ne. Ko an ari nutiral na wani layi an haɗa da wani, ko nutiral ya taɓa atin a cikin wani soket, ko ƙarfen hita ya tsage ruwa na shiga, ko fitilar waje ta sha ruwan sama. Akwai kuma tarin ƙananan yoyo: kwamfuta, talabijin, injin wanki, kowanne na zubar da ɗan kaɗan ta atin, RCD mai 30 kuma an yarda ta faɗi tun daga 15. In aka tara gida duka a kanta, da ma tana bakin faɗuwa.

Maganinsa a raba gidan biyu a kan RCD biyu, ko mafi kyau a sa RCBO, wato bireka da RCD a jiki ɗaya, kowane layi da tasa. Hita ta yi laifi, hita kaɗai za ta mutu, kuma ka san inda za ka nufa. Gidan da ka cire wa RCD, yoyon yana nan, mai faɗa maka ne ka cire.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikaciyar wuta ba ce, a asibiti nake aiki. Wanda wuta ta ja shi sosai, ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi a duba zuciyarsa, musamman in ya suma ko ta bi ta ƙirji. Kuma in kun ga wuta ta riƙe mutum, kada wanda ya kama shi da hannu. A kashe daga akwati, in ba hali a ture shi da busasshen katako. Wannan ya kawo ni ga tambayata: ni akwatin gidanmu yana cikin sito, bayan kwalaye. In abu ya faru sai an yi ta jido kafin a kai gare shi.

Na Ƙetare: Anti, a nan Amurka mai duba gini ba zai sa hannu a kan wannan ba. Littafin da ake bi sunansa NEC, tun 1897 ake da shi, ana sabunta shi duk shekara uku. Ya ce a gaban akwatin a bar fili ƙafa 3, faɗi inci 30, tsayi ƙafa shida da rabi, kuma ba wurin ajiye kaya ba ne. Ba a sa akwatin a banɗakin gida, ba a sa shi a ɗakin rataye tufafi. Kowace bireka sai an rubuta abin da take riƙe da shi. Batun waya da bireka ma haka yake a nan, lambobin ne suka bambanta: waya mai lambar kauri 14 birekar 15, mai lamba 12, wadda ta fi ta kauri, birekar 20. Abin da kuke kira RCD mu GFCI muke da ita, tana yankewa a wajen miliamfiya 5.

Wani abu da zan ja kunnen masu koyo daga bidiyon intanet: a nan baƙar waya ita ce mai wuta, fara ce nutiral. A tsohon tsarin Ingila baƙa ce nutiral, ja ce mai wuta.

Injiniya: Sannan daga 2004 Ingila ta koma launin Turai: ruwan ƙasa mai wuta, shuɗiya nutiral, kore da rawaya atin. A fes uku kuma, wato inda wayoyi uku masu wuta ke shigowa, baƙar ta koma ɗaya daga cikin masu wuta. Gida ɗaya da aka yi wa ƙari kana iya samun tsari biyu a ciki.

Sarkin Gyara: Duk wannan dokokin ƙasashensu ne. Wa zai zo ya auna mini ƙafa uku?

Baba Mai Wayarin: Wataƙila ba wanda zai zo. Kowace ƙasa da littafinta, nata za a bi, kuma da yawa daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60364 suka ɗebo, Ingila na kiran nata BS 7671. Amma ka duba yadda dokokin ke shigowa. Daga 2016 Ingila ta ce akwatin bireka na gida ya zama na abin da ba ya cin wuta, aka koma na ƙarfe, saboda gobarar da ke tashi daga cikin na roba. Amurka ta yi wayarin gidaje da alminiyam tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da farkon 1970 lokacin da jan ƙarfe ya yi wuya, mahaɗai suka riƙa sakewa suna zafi, har yanzu ana bin gidajen ana gyara. Alminiyam ɗin nan bai wuce kashi 61 cikin ɗari na ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, don haka Ɗan Koyo, in ka sayi waya ka kankare bakinta da wuƙa. In ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe, jadawalin jan ƙarfe ba nata ba ne.

Maman Ilham: Na dawo. Mun kira wani ya buɗe akwatin muna tsaye. Waya ɗaya ce a birekar, ba biyu ba, kuma ya ce 2.5 ce. Amma ya nuna mana wani abu: a sandar da shuɗayen wayoyi ke haɗuwa, ɗaya ta yi baƙi, robarta ta narke kamar tsawon ɗan yatsa. Da ma mukan ji wani ƙauri-ƙauri a wurin. Me ya sa bireka ba ta faɗi a kan wannan ba?

Baba Mai Wayarin: Don ba ta da idon ganinsa, Hajiya. Sukurun ne bai ɗauru ba. Wutar da ke wucewa ba ta ƙaru ba, ita kuwa bireka yawan wuta kawai ta sani. Amma mahaɗin da ya saki yana zama ɗan hita. Ko rabin om ne ya samu a wurin, amfiya 13 ta bi ta kai, wat 84 ke nan na zafi a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Zafi ya sa ƙarfen ya buɗe, ya huce ya tsuke, sukuru ya ƙara saki, tsatsa ta hau, zafi ya ƙaru. RCD ma ba ta ganin wannan. A yanke wayar har inda jan ƙarfen ke sheƙi, in sandar ta ƙone a canza ta, a bi sauran sukurorin ɗaya bayan ɗaya. Yau za a yi, ba sai an tashi jan layin hita ba.

In gidan fes uku ne abin ya fi haka muni. Babban nutiral in ya saki, wutar wasu ɗakuna sai ta yi ƙasa, ta wasu ta haura tana neman 400, kayan wuta su ƙone a jere. In kun ga wasu ƙwayaye sun dushe wasu sun yi haske fiye da kima a lokaci ɗaya, ku kashe babban makunni.

Kafin mai aikin ya tafi, ki ce ya auna robar layin da mega, na'urar auna lafiyar robar waya, a bolt 500. Ƙasa da megom 1, wato om miliyan ɗaya, ba a karɓa, lafiyayyen layi kuma nesa yake wuce haka. In ya sa RCD, ya gwada ta da na'ura, ku kuma ku riƙa danna maɓallin T aƙalla duk wata shida.

Ɗan Koyo: Baba, in zan ɗaure sukurorin, in na kashe babban makunni shi ke nan ko? Ina da testa.

Baba Mai Wayarin: Wace testa, mai kama da sukudireba da ɗan haske a gindi? Ajiye ta, ɗana. Tana iya ƙin haske a kan waya mai wuta in kana tsaye a busasshen wuri ko rana ta yi yawa, tana iya haske a kan wayar da ba komai. Ka nemi mai baki biyu. Ka gwada ta a inda ka san akwai wuta, ka gwada wurin aikin tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta, ka sake komawa inda akwai wuta ka tabbatar ba mutuwa ta yi a hannunka ba. Kuma babban makunni abin da ke ƙasansa kawai yake kashewa. Wayoyin da suka taho daga mita suna nan da wutarsu a samansa, kuma babu wata bireka taka da ke gabansu. Wannan ɓangaren ba na ɗan koyo ba ne, ogan ka ya tsaya a kai.

Mai Sola: Baba ka manta da mu. Gidan da ke da inbata ko janareta, kashe babban makunni ba ya nufin akwatin ya mutu. Wutar kamfani na ɗaukewa inbata za ta karɓa ba tare da ƙara ba, layukan da ke kanta su ci gaba da kawo wuta. Sai an kashe ta, an raba ta da akwatin, sannan a auna. Masu jona janareta ta soket da waya mai fulogi biyu kuma, ban da haƙoran fulogin da ke tsirara da wuta, in aka manta babban makunni a kunne wutar na fita ta bi layi har tiransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt a kan wayar da ma'aikaci ya ɗauka a mace take. Canjoba ake sawa, wadda ba yadda za a yi ta haɗa wuta biyu lokaci ɗaya.

Sarkin Gyara: Wannan kam ko ni ba na yarda da waya mai fulogi biyu. RCBO ɗin ce dai har yanzu ina ganin ba kowane akwati ke da wurinta ba.

Injiniya: Akwai siririya mai cin gurbin bireka ɗaya, sai dai ta fi tsayi, don haka ka auna zurfin akwatin da sararin da ke sama kafin ka ce wa mai gida za ta shiga. Kuma nutiral ɗin layin a jikinta yake shiga, ba a sandar nutiral ba, in ka kai shi sanda tana ganin lodi za ta faɗi.